Kafin a sallami yaro zuwa jami'a, a ba shi muciya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da iyayenmu na Garwa da Marwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru a kan wani sakaci da nake gani duk shekara idan sakamakon bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito. Ana murna, ana raba goro, ana haɗa sefa 50,000 na rajistar jami'ar gwamnati, ana ɗinka wa yaro sababbin kaya, amma da wuya a sami wanda zai zaunar da shi ya tambaye shi yadda zai ci da kansa a garin da ba shi da uwa.

Ni ma haka aka sallame ni. Na tashi a babban gida a Garwa, inda namiji ba ya daɗewa a madafa sai yayyensa mata sun kore shi da tsiya. Da na sami gurbi a Jami'ar Ngaundare, kawuna ya raka ni har Dang, inda jami'ar take, kimanin kilomita 15 daga cikin gari, ya biya kuɗin hayar watanni a dunƙule a ɗaya daga cikin gidajen ɗalibai da ake kira mini-site, ya saya mini katifa, ya sa mini albarka, ya koma. Ba a yi tunanin bargo ba, domin mutumin da ya saba da zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ba ya tuna cewa Ngaundare tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000, kuma darenta yana da sanyi. Da rigar sallata na lulluɓa a daren farko.

Sanyin bai dame ni kamar tukunya ba. Mahaifiyata ta haɗo mini garin masara da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kayan da za su kai ni wata biyu, sai dai ban san ana fara yin talge a bar shi ya nuna kafin a zuba gari ba. Ruwa na tafasa na juye garin gaba ɗaya, ya dunƙule ya yi gudaji, ƙasan tukunya ya kama, ɗakin ya turnuƙe da ƙauri. Na zubar da shi a bayan gida da dare don kada maƙwabta su gani. Daga ranar na koma wajen mai shayi da mai ƙosai safe da yamma, kuɗin da aka ba ni na wata guda kuwa ya ƙare a kwana 12.

A nan ne abin da ya sa na rubuto wannan wasiƙa yake. Ban kira gida na faɗa ba. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ɗa nagari ba ya yawan roƙon mahaifinsa, kuma namiji ba ya kukan yunwa, saboda haka duk lokacin da Inna ta kira ta ce, “Kana lafiya?” sai in ce, “Lafiya lau, Inna,” alhali garin rogo da sukari nake jiƙawa sau biyu a rana. Wani ɗalibi ɗan Cadi da ke ɗakin kusa da nawa, cikin ɗimbin 'yan ƙasarsu da ke karatu a Dang, shi ne ya lura ba ya jin motsin tukunya a wajena. Bai yi mini tambayar da za ta kunyata ni ba. Ya ce in zo in riƙe masa tukunya zai tuƙa tuwo, washegari ya ce in tuƙa shi ya riƙe, daga baya muka riƙa haɗa kuɗin gawayi da cefane. Ba kowane yaro yake dacewa da maƙwabci irin wannan ba, kuma na ga waɗanda yunwa da kunya suka jefa cikin bashi, har suka daina shiga aji.

Iyaye da yawa suna ganin tunda akwai hanyoyin tura kuɗi ta waya na Orange Money da MTN, magana ta ƙare, in yaro ya matsu za a tura masa. Amma ai sai ya buɗe baki za a san ya matsu. 'Yan mata kuma, waɗanda girki ba ya ba su wahala, tasu matsalar daban ce, domin yawancinsu ba su taɓa yin ciniki da mai gidan haya ba, ba su san a nemi rasit ba, ba su san yadda ake raba kuɗin wuta da na ruwa tsakanin 'yan haya ba.

Yanzu da aka buɗe jami'a a Marwa tun 2008, aka kuma ƙara ta Garwa a 2022, yaranmu masu barin gida ƙaruwa suke yi. Tsakanin fitowar sakamako a watan Yuli da komawa karatu a watan Oktoba akwai kusan wata uku da yaro yake kashewa a majalisa da kallon ƙwallo. Roƙona shi ne a yi amfani da su. A damƙa masa kuɗin cefanen mako, ya je kasuwa da kansa, ya dawo ya ba da lissafi, ya wanke kayansa, ya tuƙa tuwo ko da gidan za su yi dariya. In kuma ya tafi, a rage tambayarsa ko yana lafiya, a tambaye shi abin da ya ci jiya da dare da wanda ya dafa.

Ƙanena zai tafi Marwa a bana in Allah ya yarda. Na roƙi Inna ta bar shi ya shiga madafa, ta yi jim, sannan ta yarda bisa sharaɗin kada Baba ya ci abin da ya dafa tukuna. Tuwonsa na farko ya yi gudaji kamar nawa, na uku kuwa har Gwaggo ta nemi ƙari.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Mai karanta ku,
daga Garwa, Kamaru