Jitar bes mai tsirkiya huɗu ko mai biyar: abin dubawa kafin a saya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in sa baki a wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu koyon kiɗan jitar bes, jitar nan mai kaurin murya, wato wacce ya kamata a saya, mai tsirkiya huɗu ko mai biyar. Da yawa sun ɗauka mai huɗu ta 'yan koyo ce, mai biyar kuma ta gwanaye. Wannan kuskure ne, kuma yana sa mutane su kashe kuɗi a kan abin da ba shi ne bukatarsu ba.

Mai huɗu, irin wadda Leo Fender ya fitar a 1951 da sunan Precision Bass, ana saita tsirkiyoyinta a kan muryoyin da ake kira E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya. Muryarta mafi ƙasa ita ce E, mai kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa. Mai biyar tana ƙara tsirkiyar B a ƙasan E, mai kaɗawa kusan sau 31. Idan aka ƙirga, sababbin muryoyin da aka samu biyar ne kacal: E♭, D, D♭, C da B (alamar ♭ tana nufin rabin mataki ƙasa, ♯ kuma rabin mataki sama). Duk sauran abin da ke kan tsirkiyar B, akwai shi a kan mai huɗu. Af, mai biyar ta farko da kamfanin Fender ya yi a 1965 ma ba B ta ƙara ba, siririyar C ta ƙara a sama, kuma ba ta yi kasuwa ba. Sai a shekarun 1980 mai B ta bazu, musamman bayan fitowar StingRay 5 ta kamfanin Music Man a 1987.

To waɗannan muryoyi biyar wa suke wa amfani? Wanda yake kiɗa tare da mai kibod ko masu busa, ko mawaƙin da ya saba cewa a sauke masa waƙa don ta yi wa maƙogwaronsa tsayi. Ɗauki waƙar da aka ɗora a kan E♭. Mai tsirkiya huɗu ba shi da E♭ na ƙasa, dole ya hau tsirkiyar A a gaɓa ta 6 (gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarafan da aka jera a wuyan jita, inda ake danna yatsa), sai kiɗan ya yi sama, a ji kamar an zare wa waƙar ƙasa. Mai biyar kuwa yana danna gaɓa ta 4 a kan B ya samu kaurin da ake nema. Amfani na biyu, wanda a ganina ya fi na farko, shi ne hannun hagu yana zama wuri ɗaya. F da ke gaɓar farko a kan E, inda faɗin gaɓa ya kai milimita 48, ana samun sa a gaɓa ta 6 a kan B, inda faɗin bai wuce milimita 36 ba. Daga gaɓa ta 5 zuwa ta 9 ana iya hawa oktaf biyu cur, wato daga E na ƙasa a wuce E na tsakiya har zuwa na sama, ba tare da hannu ya yi ta zirga-zirga a wuyan jitar ba. Mai karanta kiɗa a takarda, wanda idonsa ba ya kan wuya, ya san daɗin wannan.

Amma fa ba a banza ake samun sa ba. Babbar wahalar mai biyar ita ce rufe bakin tsirkiyar da ba a kaɗa ba. B tana da kauri da laushi, duk lokacin da aka kaɗa wata tsirkiya, musamman muryar B ko F♯, sai ta ɗauki gurnani ita kaɗai. A ɗaki ba a cika lura ba, amma da an sa ta a manyan sifikoki ko an shiga ɗaukar sauti, sai a ji kiɗan ya dagule kamar ruwan kududdufi. Maganinsa babban yatsan hannun dama ne. Maimakon a kafe shi a kan fikof, wato na'urar maganaɗisun da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyi, kamar yadda aka saba da mai huɗu, sai a bar shi yana bin hannu: in ana kaɗa E ya zauna a kan B, in ana kaɗa A ya sauko kan E yana jingine da B, haka har zuwa G, gefensa yana danne duk masu kaurin da aka bari a baya. Wanda ya taso da mai huɗu zai yi makonni yana kaɗa B a zaton E ce. Wannan ba komai, yana wucewa.

Sai batun wuya. Faɗinsa a can sama, wurin ƙashin da tsirkiyoyi ke ratsawa, milimita 38 ne a Jazz Bass ta Fender mai huɗu, a mai biyar kuwa yakan kai 45 ko fiye. Don kada wuyan ya yi faɗi da yawa, masu ƙerawa sukan matse tazarar tsirkiyoyi a wurin jaki, wato ƙarfen da suke hawa a ƙasan gangar jiki, daga milimita 19 zuwa 17 ko 16.5. Mai bugu da babban yatsa yana fizgar siraran da manuni zai ji matsin nan take. Kan jitar kuma ya ƙara nauyi saboda kunne na biyar, wato abin murɗa tsirkiya, don haka wasu sukan riƙa sunkuyar da kai ƙasa in an rataya su, hannun hagu ya koma aikin tallafe wuya maimakon kiɗa.

Ga wanda ya yanke shawarar mai biyar, tsirkiyar B ita ce abin gwadawa, domin a nan mai araha take tona asirin kanta. A fara kaɗa ta ba tare da an jona wuta ba. A danna gaɓa ta 5 a kan B, sannan a kaɗa E a sake. Murya ɗaya ce, ya kamata su yi kusa da juna a ƙarfi da tsabta. In ta B ta fito a shaƙe, tana faɗa da ƙarafan gaɓoɓi, akwai magana. Tsawon tsirkiya na yau da kullum inci 34 ne, kuma wasu kamfanoni sukan kai shi 35 don B ta ƙara tauri, amma ƙarfin wuya da kyawun haɗinsa da gangar jiki suna da tasiri ƙwarai, shi ya sa ake samun mai inci 34 da ta fi wata mai 35. Sau da yawa ma laifin na saiti ne. Tsirkiyar B, mai kaurin 0.125 zuwa 0.135 na inci, ba ta lanƙwasa da kanta a kan jaki; bayan an ɗaura sabuwa sai an danna ta da yatsa daidai wurin ta kwanta, in ba haka ba muryarta ba za ta tsaya daidai ba. Tsayinta daga ƙarfen gaɓa ta 12 ya zama wajen milimita 2.5 zuwa 3. In muryar gaɓa ta 12 ta hau ta wuce oktaf ɗaya cif a kan muryar tsirkiyar in an kaɗa ta a sake, a ja jakin baya kaɗan. Fikof kuma kada ya matso ta sosai, don maganaɗisunsa yana jan ta ya ɓata kaɗawar.

Kada a manta da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Ƙaramar ta gwaji mai sifika inci 8 ba ta iya fitar da ainihin ƙasan B. In aka matsa mata sai ta yi ta ɓarɓar, har takardar sifikar ta iya yagewa.

Wanda D kaɗai yake bukata a waƙa ɗaya ko biyu, ba sai ya sauya jita ba. Ya sassauta E ta sauka zuwa D, ko ya sa irin kunnen nan mai ɗan hannu na kamfanin Hipshot da ke sauke ta da taɓawa ɗaya. Wanda kuma ba ya taɓa G sam yana iya ɗaura wa mai huɗu B, E, A, D. Sai dai dole a faɗaɗa ramukan ƙashin sama da zarto siriri, a kuma sake daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya, ana juya ta rubu'i-rubu'i ana dubawa, tunda jan tsirkiyoyin ya canza.

Shawarata ga mai saye, ya rubuta waƙoƙi 20 da ya fi yawan kaɗawa ko yake son ya kaɗa, ya duba nawa ne suke neman murya ƙasa da E. In biyu ne ko uku, mai huɗu ta ishe shi, ga sauƙin nauyi, ga arahar tsirkiya. In sun kai rabi, ko kuma ana yawan sauya masa ki, wato muryar da aka ɗora waƙa a kai, ba shiri, ya ɗauki mai biyar tun daga ranar farko ko da bai taɓa riƙe jita ba, ya fara horar da babban yatsan nan tun hannu bai saba da wani abu ba.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai karatu