Rigimar Maharban Amurka a Kan Sabuwar Bindigar Toka

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata muhawara da ta daɗe tana raba kan maharba a Amurka. Bindigar da ake rigima a kanta 'yar'uwar bindigar tokar maharbanmu ce, wato wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, a harba sau ɗaya, sannan a sake ɗuri.

Mai karatu zai yi mamakin yadda mutanen da ke da bindigogin zamani birjik a kasuwa za su koma wa irin wannan makami. Dalilin shi ne, jihohi da yawa a can suna ware wasu kwanaki na musamman a lokacin farautar barewa, waɗanda ba a yarda wani mai bindiga ya yi farautar ba sai mai bindigar ɗurin baki. An yi musu wannan alfarma ne saboda makaminsu bai da nisan zango, ga shi harbi ɗaya ne, don haka dabbobin da za su kashe ba za su yi yawa ba. A kan wannan sharaɗi aka gina al'amarin, kuma a kansa ne rigimar ta taso.

A shekarar 1985 wani maƙerin bindiga mai suna Tony Knight ya fito da samfurin MK-85, wanda aka mayar da wurin tayar da wutarsa daidai bayan albarushin, maimakon a gefe kamar na da. Daga nan sauye-sauye suka yi ta biyo baya. Aka fara sayar da maganin harbi a dunƙule, an riga an auna shi, maharbi ya jefa biyu ko uku kawai. Aka sanya wa harsashi rigar roba domin ya ƙara gudu da saiti. Aka ɗora madubin hangen nesa a kan bindigar. A 2020 kuma kamfanin Federal ya fito da FireStick, inda maganin ke cikin rufaffen kwanso da ake zurawa ta baya, harsashin kaɗai ake turawa ta baki. Bindigar da a da mai ita ba ya kuskura ya harbi abin da ya wuce mita 100, yanzu akwai masu kayar da barewa da ita daga mita 200 ko fiye.

Masu riƙe da tsohuwar hanya sun ce wannan cin amana ne. A ganinsu, farauta da bindigar toka ita ce sanɗa, da lura da inda iska ke kaɗawa, da haƙurin matsawa kusa da dabba har ka ji numfashinta, kuma wanda ya zauna a can nesa yana leƙe ta madubi bai cancanci kwanakin da aka ware ba, domin bindigar zamani ce a hannunsa, suna kawai ta ara. Su kuwa masu maraba da sabon abu suna da tasu hujjar, kuma ba ta raini ba ce. Sun ce bindigar da ke tashi a kowane lokaci, kuma take samun inda aka auna, ta fi tausaya wa dabba, domin ba za ta tsere da rauni ta je ta mutu a banza cikin ƙurmi ba. Sun ƙara da cewa dattijon da idonsa ya fara rauni, madubin ne ke ba shi damar ci gaba da fita daji.

Hukumomin jihohi ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Kolorado ta hana madubi da harsashi mai rigar roba da dunƙulallen magani a kwanakin masu bindigar toka. New Mexico ta haramta madubin daga 2023, bayan da aka lura masu wannan bindiga sun kusa kamo masu ta zamani wajen yawan abin da suke kashewa. Amma ni tsarin Pennsylvania ya fi kwanta mini a rai, domin ita ta raba gardama ne: tana da lokaci a watan Oktoba da ake yarda da sabon samfurin, sannan bayan Kirsimeti ta keɓe wani lokaci, tun daga 1974, wanda ba a shiga sai da bindiga mai dutsen ƙyastu. Ina ganin masu tsohuwar hanya sun fi gaskiya a kan batun kwanakin, tunda alfarmar an yi ta ne saboda rauni, kuma idan raunin ya kau, babu dalilin riƙe ta. Sai dai ba su da hurumin hana wani sayen abin da ya fi masa sauƙi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bambancin da ke tsakaninsu da mu. Ba'amurke yana ɗaukar bindigar toka ne don sha'awa, shi kuwa maharbinmu ita ce abin da hannunsa ya kai gare shi. Na tashi ina ganin wani tsohon maharbi a ƙauyenmu yana auna albarushi a tafin hannu, ya zuba, ya danna tsumma da sandar ɗuri, ya bi da guntayen ƙarfe, kuma idan damina ta sauka yakan naɗe wurin kunamar da fata don gudun danshi, duk da haka wani lokaci ta ƙi tashi. Hannunsa na hagu yatsu uku ne suka rage, domin wata rana bututun ya fashe masa. Ba banza ba ake kiranta harba-ruga.

Da za a tambayi irin wannan bawan Allah wace fasaha yake so, ba na jin zai ambaci madubi, tunda naman dajin ma ya yi ƙaranci, kuma ƙara wa bindiga nisa sai dai ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Abin da zai nema shi ne bututu mai ƙwari da aka gwada kafin a miƙa masa, da ma'aunin albarushi wanda ba tafin hannu ba. Tunda dokar makamai ta Nijeriya ta san da zaman bindigar ɗurin baki har ta tanadi lasisi dominta, ina kira ga ƙungiyoyin maharba da sarakunan maƙera da hukumomin da abin ya shafa su zauna a kan waɗannan abubuwa biyu, kafin rani ya shigo a fara fita farauta.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Jihar Katsina