Fansida uku a gaban ma'aikaciya, ba a ƙasan jaka ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu juna biyu, tunda damina ta kankama a ƙasar Daura.

Sunan maganin SP, amma mutane sun fi saninsa da Fansida. Ana ba da ƙwaya 3 a lokaci guda, kuma ƙa'ida ita ce mai ciki ta haɗiye su nan take a gaban ma'aikaciyar awo, ko ta ci abinci ko ba ta ci ba. Ana farawa daga mako na 13, wato bayan ciki ya wuce wata uku, a maimaita da tazarar aƙalla wata guda har zuwa haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sha aƙalla sau 3. Kafin mako na 13 ba a bayarwa.

Dalilin shan sa ko mace tana lafiya lau shi ne, ƙwayar cutar kan taru a mabiyiya, inda ɗan tayi ke samun abinci. Uwar ba ta jin zazzaɓi, gwajin yatsa ma yakan nuna babu komai, amma jininta na raguwa, jaririn kuma a haife shi bai kai kilo 2.5 ba, ko ya zo bakwaini, ko cikin ya zube. Mai cikin fari ta fi kowa shiga wannan haɗari, kuma ita ce kunya ke hana ta faɗa. Sai ciki ya kai wata bakwai an kai ta goyon ciki gidan iyayenta sannan a je awo. A lokacin an riga an yi asarar zagaye uku ko huɗu na maganin. Wannan magana ta magidanta ce da surukai, don a hannunsu izinin fita yake.

Mu ma'aikata ma da namu laifin. Inda babu ruwan sha da kofi a ɗakin awo, sai a ƙunshe wa mace ƙwayoyin a ce ta sha a gida. Wata ta manta, wata ta raba su ɗaya-ɗaya kwana uku, wata a ce mata "yana da ƙarfi" ta ajiye. Ledar ruwa ɗaya a jaka ta raba wannan gardama. Idan ta yi amai cikin rabin awa da sha, a sake ba ta.

Akwai waɗanda ba a ba su sam: wadda magungunan salfa, wato dangin su SP da Septrin, ke sa mata ƙuraje ko kumburi, da mai ɗauke da HIV da ke shan Septrin kullum, don aikinsa da na SP iri ɗaya ne. A kuma duba ƙarfin folik asid, wato ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki. Mai miligiram 5 da ake yawan saya a kemis yana rage wa SP ƙarfi. Mai miligiram 0.4 shi ya dace a haɗa su.

SP ba ya maganin zazzaɓin da ya riga ya kama. Mai ciki ta ji jikinta ya yi zafi, ta je asibiti a gwada ta a ba ta maganin da ya dace da watannin cikinta. Ba shi ne kuma wanda ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina ba. Kada uwa ta sha na ɗanta. Gidan sauro mai magani yana nan daram, a shiga kowane dare.

Duk ranar da aka sha, ma'aikaciya ta rubuta kwanan wata a katin awo, mai ciki kuma ta tambayi ranar dawowa kafin ta fita.

Daga wasu ma'aikatan awon ciki,
Daura, Jihar Katsina.