Kafin ka biya a saka wa kwandalarka maki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana kan abin da na san ba kowa ya damu da shi ba, amma ni ya ci mini kuɗi, ga shi kuma yaranmu da ke ƙasashen waje sun fara shiga harkar: tura kwandala a tantance ta a saka mata maki.

Akwai kwandalar da ake bugawa don ciniki, akwai kuma wadda Turawa ke kira furuf, wadda ba a yi ta don a sayi goro ba. Ana goge ƙarfen da hatimin bugun har su ɗauki ƙyalli, a buga ta aƙalla sau biyu, sai filinta ya fito kamar madubi. Masu tarawa ake yi wa ita.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa a nan Kano. Wani Bature abokin aikinsa, da zai koma gida, ya bar masa ƙaramin akwati mai furuf shida na 1959, shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara fitar da kuɗinmu na kanmu: ɗari (wato rabin kwabo), kwabo, taro, sisi, sule da dala. Ɗari da kwabo masu huji ne a tsakiya. Taro na ɗauke da auduga, sisi koko, sule ganyen kwakwar manja, dala kuwa gyaɗa, shi ya sa Baba ya fi son ta. Muna yara ba ya bari mu taɓa. Sai dai ya buɗe mu leƙa, ya rufe, ya mayar ƙasan adaka.

Da akwatin ya dawo hannuna na ga sule da dala sun ɗan dushe. Ni da hannuna na samo man goge tagulla irin wanda sojoji ke goge maɓalli da shi, na zauna a tsakar gida da tsumma na murje su tas. Har ina kiran uwargida ta zo ta ga aiki.

Bayan shekaru ɗana da ke Landan ya ce, "Baba, a kai su a tantance, darajarsu za ta ƙaru." Manyan kamfanonin da ke wannan aiki biyu ne, duka na Amurka: PCGS da aka kafa a 1986, da NGC da ta biyo baya a 1987. Ma'aunin da suke bi daga 1 zuwa 70 ne, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Furuf ɗin da ba ta shiga hannun jama'a ba tana faɗowa tsakanin 60 da 70. Su duba da gilashin ƙara girma, su tabbatar ba jabu ba ce, su rufe ta ruf a cikin roba mai tauri da lamba a jiki. Muka biya kuɗin rajista, muka biya na kowace kwandala, muka biya inshora da na aike, duk da fam ɗin Ingila. Huɗu suka dawo da maki tsakanin 63 da 65. Sule da dala kuwa ba maki ko ɗaya, sai rubutu cewa na gaske ne amma an goge su. Da na karkata su a hasken taga na ga abin da suka gani: siraran layuka kamar gashin jariri, duk inda tsummana ya bi. Garin neman gira na rasa ido, kuma ban ga laifin masu tantancewar ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan ƙanwata da ke Amurka. Ya sayi furuf na azurfa masu hoton mikiya, waɗanda gwamnatin ƙasar ke bugawa tun 1986, kowace gram 31.1, yana shirin tura su duka. Na ce masa ya dakata. Sabuwar furuf da ta fito daga masana'anta a cikin kwalinta, mafi yawa 69 ko 70 take samu, domin injinan zamani ba sa kuskure sosai. To idan kowa na da 69, me 69 ɗinka ya ƙara maka? Sau da yawa ko kuɗin tantancewar ba ya mayarwa. Ribar tana ga 70, kai kuma da idonka ba za ka iya raba 69 da 70 ba. Ka ga ya zama canki-canka ke nan. Ga kuma wani farin tabo kamar ɗigon nono da ke fitowa a jikin azurfa, wani lokaci ma bayan an riga an rufe ta a robar.

Ban ce aikin banza ba ne. Idan kwandalar mai wuyar samu ce, kamar mikiyar 1995 mai alamar W (harafin masana'antar da ta buga ta) wadda guda 30,125 kawai aka buga, ko ta zinare ce da 'yan jabu ke kwaikwayo, kuma kana nufin sayar wa wanda bai san ka ba a wata ƙasa, to robar nan ita ce shaidarka. Mutumin da ke Jamus ba zai yarda da rantsuwarka ba, amma zai yarda da lambar. Ko a nan sai ka duba lambar a rumbun bayanan kamfanin, don ita kanta robar ana yin jabunta.

Amma mu a nan wa za mu sayar wa? Kai kwandalar zinare wajen masu sayen gwal a Sabon Gari, sikeli za a ɗora, a gwada a kan dutse, a faɗa maka kuɗin gram. Ba mai tambayar maki, wataƙila ma a ce ka fasa robar tukun. Nawa na 1959 ko azurfa babu a cikinsu, balle a auna. Haka ma tsofaffin riyalan Mariya Taresa da kakanninmu mata ke ajiyewa: mutum ya ga 1780 ya ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali shekarar nan ita aka ci gaba da bugawa a kansu har bayan ƙarni biyu.

Akwai kuma asarar da ban lissafa ba sai daga baya. Yanzu kwandalolin suna cikin roba shida daban-daban, ba sa shiga gurabensu. Akwatin da Baba ke buɗe mana yana nan a durowa, ramuka shida ba komai a ciki. Jikata ta tambaye ni ko na kwalli ne.

Ɗan ƙanwar tawa dai ya ce zai tura biyu ya gwada sa'a, sauran ya bar su a kwalinsu. Na ce Allah ya ba da sa'a, amma ko ƙura ya gani kada ya kai hannu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani ɗan fansho,
Fagge, Kano