Rahoton Ayyukan Shekara: Haɗa Bayanan Masu Cutar Daji da Gwajin Ƙirƙirarriyar Basira a Kumasi

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa membobi.

Ga rahoton kwamitin bincike na ƙungiyarmu ta ma'aikatan lafiya 'yan Zango a Kumasi. A taron bara kun ɗora mana nauyin duba yadda ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta mai koyo daga bayanan da aka ba ta, za ta amfani binciken cutar daji a tsakanin mutanenmu. Mun gwada, kuma kusan duk shekarar ta tafi ne wajen gyaran bayanan da za a ba na'urar, domin ba ta da wani ilimi sai abin da aka zuba mata.

Bayanan marar lafiya ɗaya a warwatse suke. Akwai fayil ɗin asibiti, akwai sakamakon ɗakin gwajin tsoka, akwai hotunan sikanin, sannan ga rajistar masu cutar daji ta Kumasi da aka kafa a 2012 a asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Kafin manhaja ta koyi komai, sai an tabbatar cewa waɗannan takardu duk na mutum ɗaya ne, kuma a nan muka sha wuya. Baiwar Allah ɗaya za ka tarar an rubuta ta Hadiza a kati, Adiza a takardar gwaji, Khadija a katin inshorar lafiya. Haka Sa'idu da Seidu, Husaini da Fuseini. Dattawa da yawa kuma ba su riƙe ranar haihuwa ba, sai magatakarda ya cike musu 1 ga Janairu.

Tsarin da muka tsaya a kai shi ne a fara da lambar Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ko ta inshora. In babu, a kwatanta lafazin suna, shekaru, unguwa da lambar waya, a ba kowanne maki. Takardun da makinsu ya yi sama a haɗe su, na ƙasa a raba, na tsakiya kuwa mutum biyu su zauna su duba da ido. Kada a bar wa kwamfuta wannan mataki. Hassana da Husaina ranar haihuwarsu ɗaya, gidansu ɗaya a Aboabo ko Asawase, wataƙila wayar ma ta mahaifinsu ce. Manhaja za ta mai da su mutum ɗaya, ta jingina wa mai lafiya ciwon 'yar'uwarta. Da an gama haɗawa sai a cire sunaye a sa lambar sirri, saboda dokar kare bayanai ta Ghana mai lamba 843, ta 2012, ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Takardar neman izini kuma mun fassara ta da Hausa, ana karanta wa marar lafiya kafin ya sa hannu ko ya dangwala.

Aiki na biyu shi ne horon da muka yi wa ma'aikatan ɗakin tiyata kan adana tsoka. Tsokar maman da aka yanko ta shiga ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 kafin awa ɗaya ta cika, ruwan ya ninka girmanta aƙalla sau 10, ta zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. Fomalin na ratsa nama ne a hankali, kusan milimita ɗaya a awa, don haka babban ƙari sai an tsattsaga shi, in ba haka ba cikinsa ya lalace bayansa na nan garau. Wannan batu ya dame mu ƙwarai. Idan aka yi jinkiri, alamomin da ke nuna ƙarin zai ji maganin homon, wato maganin da ke tare sinadaran jiki masu sa ƙarin girma, suna dusashewa, sai sakamako ya fito kamar babu su. An hana mace maganin da zai amfane ta ke nan, an kuma koya wa na'ura ƙarya, alhali bincike ya daɗe da nuna cewa nau'in sankarar mama marar waɗannan alamomi yana da yawa a matan Afirka ta Yamma, ana bukatar ainihin adadinsa.

A gwajin manhajar kanta, ana sikanin gilashin tsoka, wato ɗan gilashin da ake shimfiɗa siririn yankin tsoka a kai don dubawa, da girman ninki 40, hoto ɗaya ya kan haura gigabait, sai a yayyanka shi ƙanana, a ba na'ura. Kurakurai biyu muke gargaɗi a kansu. Na farko, a raba bayanan koyarwa da na jarrabawa bisa marasa lafiya, kada a raba bisa hotuna. Idan hoton mutum ɗaya ya faɗa ɓangarorin biyu, na'urar ta ga amsa tun kafin jarrabawa, makinta kuma na bogi ne. Na biyu, launin rini ya bambanta daga ɗakin gwaji zuwa wani, har ma alamar alƙalami da likita ya zana a gilashi tana ruɗa ta, ta koma gane inda hoton ya fito maimakon gane ciwo. Ga kuma TCGA, babban rumbun bayanan masu cutar daji na Amurka da aka fara a 2006, mai nau'in cutar daji 33 da marasa lafiya fiye da 11,000: yawancinsu Turawa ne, saboda haka duk manhajar da ta yi karatu a kansa sai an sake jarraba ta da namu gilasan. Har yanzu gwaji ne kawai, hukunci na hannun likitan tsoka.

Abin da bai kammalu ba shi ne bin sawun marasa lafiya. Wani ya koma Arewa, wani ya koma maganin gargajiya, wanda ya rasu kuma mukan yi masa sutura a ranar, labarin ba ya komawa fayil. Lissafi sai ya ɗauke shi kamar yana raye, ya nuna magani ya fi yadda yake aiki. Shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu nemi lambar waya biyu daga duk wanda ya amince, a riƙa kira duk wata 6. Muna roƙon limamai da magajiyoyi su taya mu bayyana wa iyalai dalilin wannan kira. Membobin da ke jin Hausa da Twi, kuma za su iya ba da yammacin Asabar ɗaya a wata, su rubuta sunansu wurin sakatare kafin a tashi.

Wassalamu alaikum.