A daina murɗa sukurun totur idan silon mota ya hau

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu motoci da 'yan'uwana makanikai a kan wata matsala da ta yawaita a garejojinmu na Legas, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da kowa ya fara lissafin abin da motarsa take sha. Matsalar ita ce hawan silo, inji ya riƙa gudu fiye da ƙima alhali mota tana tsaye ba a taka totur ba. Ta fi kama motocin injekta waɗanda aka yi wa wani sauyi, ko an sauya musu inji da wanda aka sayo a kasuwar Ladipo, ko an ɗaura musu kayan gas na CNG, ko kuma an cire musu wani abin da kamfani ya sa.

Yawancin ƙananan motocin fetur, idan injinsu ya yi zafi, silonsu yakan zauna tsakanin juyi 600 zuwa 900 a minti ɗaya. Da safe, sa'ad da aka tayar da inji yana da sanyi, allurar da ke nuna juyin inji takan hau wajen 1,200 ko sama da haka sannan ta sauko a hankali, kuma wannan ba ciwo ba ne. Ciwon shi ne a yi tafiya daga Agege har Oshodi a tarar allura tana nan a kan 1,500 ba ta da niyyar saukowa. Mai irin wannan mota yana ƙona mai a banza duk tsawon lokacin da ya shafe a gosulon titin Ikorodu, idan kuma mai giyar otomatik ce, sai ta riƙa fizga duk lokacin da aka sa giya, tana jan direba zuwa bayan motar da ke gabansa, birki da giya suna wahala.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda da yawa daga cikinmu muke tunkarar matsalar da hannun da muka saba da shi a zamanin kafireto. Da an kawo mota, sai a ɗauki sukundireba a nufi ɗan sukurun da ke jikin maƙogwaron totur a murɗa shi har ƙarar ta lafa, a karɓi kuɗi. Wannan sukuru kamfani ne ya daidaita shi, kuma a motar injekta ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ita ce take tsayar da silo, ba shi ba. Inji ba zai iya gudu ba sai ya sami iska. Saboda haka idan silo ya hau, ɗayan biyu ne: ko iska tana shiga ta inda bai kamata ba, ko kuma ƙwaƙwalwar ce da kanta take buɗe wa iskar hanya saboda wata sensa ta ba ta labarin da ba daidai ba. Wanda ya murɗa sukuru bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, ya dai ƙara matsala ta uku wadda makanike na gaba zai sha wuyar warwarewa.

A motar da aka yi wa sauyi, inda ya kamata a fara dubawa shi ne inda hannu ya taɓa a ƙarshe, kuma galibi a nan ake samun iskar sata, wato iskar da ke shiga inji ta inda bai kamata ba. Idan an sauya inji, akwai ƙananan tiyoyin roba da ke haɗe da manifol (bututun da ke kai iska cikin inji), kamar na bustar birki da na bawul ɗin da ke zuƙe hayaƙin cikin inji, kuma abu ne mai sauƙi a manta da ɗaya a buɗe, ko a toshe bakinsa da noti da salatif, wanda zafi zai saki bayan 'yan kwanaki. Haka nan gasket ɗin manifol da aka mayar tsohonsa aka shafe da gam yakan bar kafa. Masu ɗaura gas kuwa huda manifol suke yi domin su dasa bututun gas, su kuma yanki tiyo su haɗa sensarsu, kowace huda da ba a ɗaure da kyau ba ƙofa ce. Akwai kuma babban tiyon da ya taso daga tukunyar iyakilina zuwa totur, mai lanƙwasa kamar wuyan kunkuru. Daga sama za a gan shi lafiya lau, amma idan aka ciro shi aka tanƙwara a hannu, sai a ga tsaga ta buɗe baki a cikin lanƙwasar ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Wani lokaci idan aka kasa kunne kusa da manifol ana jin tsiririn iskar. Hanyar da ta fi aminci ita ce a hura hayaƙi cikin manifol inji yana kashe a ga ta inda zai fito. Masu fesa fetur a kan inji mai zafi domin su ji ko ƙara za ta sauya suna wasa da gobara, kuma bai kamata mai gareji ya bar yaransa su koyi haka ba.

Abu na biyu, wanda nake ganin ya fi kowanne zama laifinmu a ƙasar nan, shi ne cire tamostat. Da motar tokumbo ta sauka daga Apapa, sai a ce wa mai ita an yi wannan abu ne domin ƙasashen sanyi, a cire a jefar, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da an murɗa makulli. Tamostat yana riƙe ruwa ne a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 kafin ya sake shi zuwa lagireto, domin a wannan zafin aka tsara injin ya yi aiki, a Kano yake ko a Jamus. Idan babu shi, inji yakan daɗe bai yi zafi ba, sensar zafin ruwa ta ci gaba da gaya wa ƙwaƙwalwa cewa har yanzu da sanyi, ita kuma ta riƙe silo a sama ta ƙara mai. Sensar da ta lalace, ko wadda aka bar soket ɗinta a kwance bayan sauya inji, haka take jawowa. A tsofaffin motocin Honda ma, iskar da ta maƙale a cikin ruwan inji bayan an kwance tiyo takan sa silo ya riƙa hawa da sauka, kuma wannan ya shafi masu gas domin tukunyar rage ƙarfin gas da ruwan inji ake ɗumama ta.

Sauran dalilan suna jikin totur ɗin kansa. Wayar totur da aka ja ta yi tauri ba za ta bar murfin ya rufe ba, bawul ɗin silo kuma yakan maƙale a buɗe saboda baƙin datti. Sababbin motoci masu totur na lantarki, bayan an wanke maƙogwaron ko an cire batir, sukan buƙaci a sake koya wa ƙwaƙwalwa matsayin silo, kuma motocin Nissan sun yi suna a kan haka. Idan kuma ƙwaƙwalwar da aka bari a motar ba ta injin da aka sa ba ce, babu wankin da zai daidaita su.

Duk wannan ba ya buƙatar canke. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da soket ɗin gwaji na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma ƙaramar na'urar karanta shi ba ta fi ƙarfin gareji ba. Lambar P0507 tana nufin silo ya wuce yadda ƙwaƙwalwa take so, P0171 tana nufin iska ta yi yawa a kan man da ke shiga inji, P0128 kuwa tana nuna ruwa bai kai zafin da ya kamata ba. Amma goge lamba ba gyara ba ne, abin da ake so shi ne a karanta alƙaluman inji yana aiki. Idan bayan doguwar tafiya na'urar ta nuna zafin ruwa digiri 60, an san inda za a nufa. Idan ƙarin man da ƙwaƙwalwa take yi ya haura kashi 10 cikin ɗari a silo, sannan ya ragu da aka taka totur zuwa juyi 2,500, to iskar sata ce a mafi yawan lokuta.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin makanikai a unguwanninmu, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12, da su shirya wa yaran gareji horo a kan karanta wannan na'ura. Ga masu motoci kuma, duk wanda ya kai motarsa a sauya inji ko a ɗaura gas, kada ya biya cikon kuɗi sai an bar injin ya yi zafi a gabansa, ya ga inda allura ta zauna a kan fetur da kuma a kan gas, da na'urar sanyaya mota a kunne da kuma a kashe.

Wassalam.

Naka,
Wani makanike mai karanta jaridarku,
Agege, Legas.