Kafin a buga ƙusa, a kafa rumfa

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba mu fili mu ja hankalin matasan da ke koyon haɗa jirgin katako a gida, daga Yawuri har Malale da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji. Sau da yawa yoyon da jirgi ke yi a ruwa tun a tudu ya samo asali. Katakon madaci ko kawo da aka yasar a fili, rana na dukan gefe ɗaya, ƙasa na jiƙa ɗayan, dole ya kantare. In aka danne shi da ƙarfin ƙusa, wata rana zai buɗe baki.

Jirgi mai ƙafa 30 yana son rumfa mai tsawon ƙafa 40, faɗi 14, don mai gizago ya samu wurin juyawa. A miƙe ta daga gabas zuwa yamma. Hadarin damina daga gabas ya fi tasowa, gara ya daki ƙunƙuntar fuskar, wadda za a toshe da zana biyu, da ya shiga ta haƙarƙari ya ɗaga rufin.

Gwafa 12 sun isa, shida kowane gefe, tazarar ƙafa takwas. Rami ya kai ƙafa biyu, a babbake gindin gwafar ko a shafe shi da baƙin mai saboda gara, a daddaɓe ƙasar sosai. Gefe ɗaya ya tashi ƙafa tara, ɗayan bakwai. Wannan gangaren shi ne ran rumfar. Tamfol ɗin da aka shimfiɗa a kwance tafki yake tarawa a tsakiya, nauyin ya karya azara cikin dare. Kuma kada a ratsa shi da ƙusa, nan zai fara yagewa. A ƙunsa ɗan dutse a bakinsa a ɗaure da igiya zuwa turke. Baƙar leda kuwa a bar ta, zafi take tarawa, da asuba ta yi gumi ta ɗiga kan aiki. Wanda ya samu zana ya shimfiɗa ƙarƙashin tamfol ya huta.

Kudu da arewa a bar su a buɗe iska ta ratsa, sai dai da hunturu a rataya buhuna ta arewa, don busasshiyar iskar tana tsaga bakin katako. A jera katakon kan gungume, da 'yan sanduna tsakanin kowane biyu. Tukunyar kwalta a dafa ta can nesa, zana ba ta wasa da wuta.

Tun kafin a haƙa ramin farko, a auna hanyar fita. Ba a kan mutum ɗaya ba, an gama jirgi a tsakar gida, zaure ya hana shi wucewa, sai da aka rushe katanga.

Naka,
Wani masassaƙin jirgi, Yawuri, Jihar Kebbi